Buhun da Ba a Zazzage Ba

Can a zamanin da, an yi wani masunci da yakan je wani tsibiri a tsakiyar teku. Tsuntsayen tsibirin ba sa tashi, ba sa tsoron kowa. A ƙasa suke yin ƙwai, in ka zauna kuwa, sai su zo su hau ƙafarka.

Al'adar masunta ce kafin a sauka a zazzage kowane buhun guzuri tun a cikin jirgi, don kada ɓera ya bi mutum. Ran nan masuncin ya iso a gajiye. Ya ji motsi cikin buhun garinsa, ya ce, "Ɓera ɗaya, me zai ci?" Ya saɓa buhu ya sauka. Ashe ɓeran nan mace ce, da cikinta.

Da shekara ta zagayo ya koma, ya tarar da ɓawon ƙwai ko'ina. Amma ya sake cewa, "Ɓera ɗaya, me zai ci?" Bai gaya wa kowa ba.

Ya tsufa yana ba jikarsa labarin tsuntsayen, har ta matsa masa sai ya kai ta. Suka zazzage buhu tsaf, suka sauka. Tsibiri tsit.

Yarinya ta zauna kan dutse, ta miƙe ƙafa tana jira. Can ta ce, "Kaka, ko motsi na cika yi?"

Tsoho ya sunkuyar da kai. "A'a, 'yar nan, ke kin yi daidai."

Sai ga ɓera ya bi ta kan ƙafarta ya wuce.