Hannun da Ke Cikin Riga

Tun da na dawo gida ban iya zama wuri ɗaya ba. Bayan isha'i ina ta zagaye tsakar gida, sai Talatu, 'yar kawuna, ta ce, "Yaya Barau, wai tabarmar cizonka take yi?"

Ƙannenta suka kwashe da dariya. Na ce su matso kusa in ba su labari.

Kafin in bar garin nan, dabo nake yi. A kafa babbar riga a kan sanduna, mai wasa ya kwanta a ciki, ya riƙa ɗago 'yan tsanan itace ta wuyan riga. Ba ya ganin kowa, sai ƙafafun 'yan kallo ta ƙarƙashi. Makaɗi ne idonsa. Shi ke tsaye a waje, shi ke amsa wa jama'a. Shi ya sa ba a kafa riga babu makaɗi.

Ranar da abin ya faru, zazzaɓi ya kwantar da Jatau makaɗina a garin da muka ci kasuwa. Na biyo busasshen rafin Gawo ni kaɗai, rana ta faɗi. Wani ɗan tsoho ya tare ni. Tsawonsa bai kai ƙuguna ba. Muryarsa kuwa daga can sama take saukowa.

"Mai dabo, yarana ba su taɓa gani ba."

"Baba, ba makaɗi."

"Za a kaɗa maka."

Ban ga yaro ko ɗaya ba. Na dai kasa ce wa dattijo a'a. Na kafa riga, na shige.

Kiɗa ya tashi. Ta bayana nake jin sa, daga cikin yashi. Na ɗaga Ɗan Bako, ɗan tsanana mai cika baki, wanda bai fi tafin hannu ba. Na leƙa ƙarƙashin riga.

Yatsan ƙafa ɗaya na gani. Ya kai turmi.

Muryar ta ce, "Kai ɗan mutum, wa ke motsa ka?"

Na jira makaɗi ya amsa. Shiru. Sai na siranta murya, na amsa irin ta Ɗan Bako: "Ni? Ba kowa."

"Ashe ba wanda ke da kai."

Aka tsince rigar da yatsu biyu. Wani abu mai sanyi ya shiga tsakanin kafaɗuna, ya gyara zama. Ya ɗaga hannuna. Ya sunkuyar da kaina. Na yi gaisuwar da nake sa Ɗan Bako ya yi. Can sama, yara suka yi dariya kamar tsawa.

Da asuba na farka a yashi, ba riga, ba 'yan tsana. Ban ko biyo ta gida ba. Agadas, Sabha, Legas. Duk inda na fara sabawa, sai hannun nan mai sanyi ya motsa a bayana, in ƙara gaba.

Talatu ta ce a hankali, "Amma ai ka dawo."

"An dawo da ni. Ina Jatau?"

"Ya rasu bara."

Sanyin ya motsa a bayana. Na ga ƙafata ta juya wajen zaure.

"Ku ji ni. Kada wanda ya bi rafin Gawo shi kaɗai. Ku shiga ɗaki."

Talatu ba ta shiga ba. Ta jawo ƙwaryar tuwo, ta kife ta, ta fara kaɗawa da 'yan yatsu. Ta ce, "Kai ɗan mutum, wa ke da kai?"

Ita ta amsa, kamar yadda makaɗi ke yi.

"Allah ke da shi," in ji ta, "sannan mu."

Ƙafar ta tsaya a bakin zaure.

Na ce, "Talatu, kada ki daina."