Saƙon da Ke Gefen Shafi

Ƙarfe uku saura kwata wani matashi ya shigo ofishin 'yan sanda yana huci, riƙe da hannun rigar wani dattijo.

"Yallaɓai, ga ɓarawona na kawo muku da kaina!"

Sufeto ya ɗago kai daga fayil ɗin da ke gabansa. "Sake masa riga tukuna. Me ya sata?"

"Littattafan labarai masu zane na mahaifina. Guda talatin na kai masa gyara. Yau na je dubawa, wai biyar sun ɓace. Da rana tsaka, ƙofa ba a fasa ba!"

Dattijon ya gyara hannun rigarsa. Sufeto ya san shi. Shi ne mutanen layin kasuwa ke kira Likitan Takarda, don shekara talatin ke nan yana farfaɗo da littattafan da ruwa ko gara suka ci. Ba a taɓa kawo ƙararsa ba.

"Daga ina littattafan?" Sufeto ya tambayi mai ƙarar.

"Babanmu ya yi rumfar hayar littattafai tun kafin a haife ni. Bayan rasuwarsa muka buɗe sito, muka tarar da su cikin akwatin ƙarfe, rufin ya yi yoyo a kansu. Na samu mai saye, amma ya ce sai an wanke su fes."

"Wa ya san inda ka kai su?"

"Babu kowa."

Sufeto ya ɗauki hularsa. "Saje, fito da mota."

Shagon ɗan ƙarami ne, yana warin tsohuwar takarda da gam. A kan dogon tebur an jera littattafan, kowanne tsakanin fararen takardu masu shan danshi, an danne da katako. Ga buroshi mai laushi, ga auduga, ga garin magogin fensir cikin kwano.

Saje ya sunkuya yana kallon bangon wani littafi da aka zana matuƙin jirgin ruwa yana kokawa da igiya.

"Kai! Yallaɓai, irin wannan ne ya sa na maimaita aji huɗu."

"Ajiye hannunka a aljihu," in ji Sufeto. Ya juya wurin dattijon. "Baba, yaya aikin yake?"

"A hankali yake. Nakan fara shanya su a inuwa. Sai in kaɗe fumfuna da buroshi, in cire ƙarfen tsakiya da ya yi tsatsa. Sannan in barbaɗa garin magogi, in murza da yatsa har dattin ya tashi. Shafi ɗaya yakan ci mini awa guda."

"Waɗanne aka ɗauka?"

"Daga fitowa ta sha tara zuwa ta ashirin da uku."

"Su ne masu tsada?"

"A'a. Ta farko ce mai saye ya fi so. Ga ta can."

Sufeto ya dubi ta farkon, tana kwance a bakin tebur, kusa da ƙofa. Kusa da ita ga wayar dattijon a caji. Ya bi bangon shagon da ido. An kafa ƙusoshi, kowace da kayan aikinta a rataye: almakashi, wuƙar yankan takarda, ɗan hantsaki. Ƙusa ɗaya babu komai.

"Nan fa?"

Dattijon ya kawar da ido daga ƙusar. "Gilashin ƙara girman rubutu."

"Shi ma ya ɓace?"

"Wataƙila na ajiye shi wani wuri."

"Ka fita yau?"

"Na je sayen auduga da azahar. Na kulle ƙofa."

"Wani ya zo kafin nan?"

"Babu wanda ya zo."

A waje Sufeto ya tsaya yana gyara hula. "Saje, ɓarawon da ya bar waya, ya bar littafi mai tsada, ya ɗauki gilashin karatu, me yake nema?"

"Karatu, Yallaɓai."

"To, mu nemi mai karatu."

Shagon da ke maƙwabtaka na tela ne. Kekensa na fuskantar titi, babu abin da ke wucewa bai gani ba.

"Ni ban ga komai ba," ya ce tun kafin a tambaye shi.

"Ban ce ka ga komai ba. Maƙwabcinka ya kulle ƙofa da zai fita?"

Telan ya tsayar da keken. "Yallaɓai, mutumin kirki ne."

"Shi ya sa ba na so ya kwana a wurinmu. Ya kulle?"

"Bai kulle ba. Ai akwai baƙuwa a ciki."

"Wace iri?"

"Wata dattijuwa, da mayafi ruwan toka. Kwana uku ke nan tana zuwa. Ranar farko ma ba ta shiga ba, nan ta tsaya tana leƙen taga kamar mai jiran a kira ta. Har na ba ta kujera."

"Ta fito da wani abu?"

"Ta fito ta rungume mayafinta a ƙirji. Ta bi ta gabana ko sallama babu, ita da kullum sai ta tambayi iyalina."

Sufeto ya koma shagon gyara. Ya ja kujera ya zauna daf da dattijon.

"Baba, ka yi mini ƙarya biyu. Kafin ta uku, gaya mini abin da ke cikin littattafan nan."

Dattijon ya miƙe ya je gaban teburin. Sannan ya ɗaga katakon da ke kan fitowa ta sha takwas, ya buɗe shafin ƙarshe, ya karkatar da shi wajen hasken taga.

"Dubi gefen nan."

Gefen shafin fari ne tas. Amma da Sufeto ya matso, sai ya ga sawun fensir ya lotsa cikin takardar, layi biyu, ba su karantuwa.

"Rubutu ne. Ni na goge shi," in ji dattijon. "Mai kaya ya ce kada in bar ko ɗigo. Na ɗauka zanen yara ne, na yi ta gogewa ban duba ba. Sai a ta sha takwas idona ya kai. Hannu biyu ne. Ɗaya ƙanana a tsaye, na mace. Ɗaya manya a kwance. Ita ta rubuta, shi ya amsa a ƙasa. Hira ce, ɗana, ta tsawon shekara. Na share kashi uku cikin huɗu da hannuna."

"Sai ka tsaya."

"Hannuna ya ƙi. Kwana biyu ina zaune a gaban ta sha tara."

"Matar fa?"

"Ta ce tana so ta ga littattafan kawai. Ta tambaye ni nawa na wanke. Da na ce sha takwas, sai ta dafa tebur. Ban tambaye ta ko wace ce ba. Yau na ce mata zan je sayen auduga." Ya nuna buhun da ke ƙarƙashin tebur, cike da auduga. "Na so ta samu ta karanta ita kaɗai. Wallahi ban zaci za ta tafi da su ba."

"Akwai wani abu daban game da biyar ɗin?"

"Ta ashirin da uku. Ba tare da sauran take ba. A ƙasan akwatin aka same ta, an naɗe cikin leda an ɗaure da zare. Ita kaɗai ce ruwa bai taɓa ba. Ban ma kwance ta ba."

Mai ƙarar yana tsaye jikin mota yana danna waya. Sufeto ya tsaya a gabansa.

"Ka ce babu wanda ya san inda ka kai su."

"Haka ne."

"Wace ce mai mayafi ruwan toka a gidanku?"

Wayar ta sauka daga fuskarsa. "Gwaggo? Haba, Yallaɓai. Gwaggo ko kasuwa ba ta zuwa."

"Ta san da littattafan?"

Ya sosa ƙeya. "Ranar da na shanya su a tsakar gida ta gan su. Ta ce in bar mata. Na ce an riga an yi ciniki. Ta tambayi me za a yi musu, na ce wankewa. Shi ke nan."

"Me ya sa ka ɓoye?"

"Ban so a ce na hana gwaggona tsofaffin takardu ba."

"Ita ce ke zama a rumfar mahaifinka da?"

"Haka na ji. Ƙanwarsa ce. Ita ta rene mu duka. Ba ta taɓa yin aure ta bar gidan ba."

Ɗakin Gwaggo na can ƙarshen gidan. Ƙofar a buɗe take. Tana zaune a kan tabarma inda hasken taga ke sauka, littattafai huɗu a jere a gefenta, na biyar a cinyarta. Gilashin na hannunta. Leda da zare na ƙasa.

Sufeto ya yi sallama, ya cire takalmi, ya durƙusa daga bakin ƙofa.

"Mama, ina wuni."

"Lafiya lau, ɗana. Na san za ku zo. Kada ku taɓa mutumin nan, bai san komai ba. Ni na ɗauka."

"Gwaggo!" in ji mai ƙarar daga baya. "Saboda me?"

Ba ta dube shi ba. Da Sufeto take magana.

"Ina da shekara sha tara Yaya ya zaunar da ni a rumfa. Akwai wani mai gyaran rediyo a tsallaken titi. Kullum sai ya zo haya. Ba ya iya haɗa ido da ni, ni ma haka. Wata rana ya dawo da littafi, na ga ya rubuta a gefe, wai shin matuƙin nan zai koma gida kuwa? Na rubuta masa, sai ka karanta na gaba. Daga nan muka fara."

Ta shafa bangon littafin.

"Shekara guda, ɗana. Da baki ba mu wuce sannu ba. Amma na san sunan mahaifiyarsa, na san yana tsoron kare, na san yana so ya koyi gyaran injin jirgi. A ta ashirin da biyu ya rubuta cewa ya samu aiki a nesa. Na ɗauki ta ashirin da uku na rubuta, ni fa? Na ba shi."

"Ya dawo da ita?"

"Ranar ina kwance da zazzaɓi, Yaya ne a rumfa. Da na warke na tambaya, ya ce ba a dawo da ita ba, yaron ya gudu da littafinsa. Na leƙa tsallaken titi, shago a rufe. Shekara arba'in da ɗaya ina cewa na tambayi mutum, ya tafi ko amsa bai ba ni ba."

Ta miƙa wa Sufeto littafin da gilashin. "Idona ya yi rauni. Na karanta sau goma, amma ina so in ji da bakin wani, kada ya zama ni ce na ƙirƙira."

Sufeto ya karɓa. A ƙarƙashin ƙananan kalmomi biyun da ta rubuta, manyan haruffa sun kwanta har suna hawa kan zanen teku. Ya karanta a hankali.

"Ke ce dalilin da ya sa ban tafi tun bara ba. Jirgina ranar Alhamis ne, ƙarfe goma. Ki zo tasha ko da daga nesa ne. In na gan ki, zan dawo da manyana kafin shekara. In ban gan ki ba, na fahimta, ba zan ƙara damun ki ba."

Saje ya juya yana kallon bango.

"Ban je ba," in ji Gwaggo. "Ban san an kira ni ba."

Mai ƙarar ya zame ya zauna a bakin ƙofa. "Babanmu ne ya ɓoye?"

"Shi ne. Bai ƙona ba kuma, ya naɗe a leda. Ban san me ke ransa ba, ga shi babu halin tambaya." Ta numfasa. "Ya riƙe ni da kyau, Allah ya jiƙansa."

"Yallaɓai, na janye ƙarar," in ji matashin. "Na fasa sayarwa ma."

"A ofis ake janyewa, da sa hannu. Ka kuma nemi gafarar dattijon da ka ja wa riga a bainar jama'a." Sufeto ya juya. "Mama, an riga an rubuta rahoto. Dole ki zo ki ba da bayani."

"Ai na yi laifi. Na shiga shagon mutum na ɗauki abin da ba a ba ni ba." Ta yafa mayafinta, ta dafa bango ta miƙe. Saje ya tattara littattafan, ya sa su cikin ambulan. Da ya zo kan na biyar, Sufeto ya girgiza masa kai.

"Bar mata ta riƙe har mu isa."

Aka sa ta a kujerar baya. Motar ta fita daga layin, ta hau babban titi. Da suka kusa mararraba, Gwaggo ta matso gaba.

"Ɗana, in ba zai ɓata muku aiki ba, ku bi ta tashar jirgin ƙasa."

"Mama, ai an daɗe da rufe ta," in ji Saje. "Shaguna ne yanzu."

"Na sani."

Sufeto ya yi masa alama da hannu. Motar ta karya hagu. A gaban tsohon ginin Saje ya rage gudu, sannan ya tsaya. Masu sayar da tayoyi da katifu sun cika barandar, wani na loda kwali a baro.

Gwaggo ta sauke gilashin mota. Ta dubi ƙofar shiga, ta dubi barandar daga wannan ƙarshe zuwa wancan, a hankali, fuska bayan fuska. Babu wanda ya ce mata ta yi sauri.

Can ta ɗaga gilashin motar, ta gyara littafin a cinyarta.

"To, na zo," ta ce. "Mu je."