Karfasar Alhaji Babayo

Ranar da abin ya fara, rana ta yi ja tana shirin faɗuwa a kan Azare, kaji sun shige akurki, uwargida Hajiya Talatu kuma tana tsakar gida tana kwashe tuwo. Sai aka ji tim a kan kwanon ɗaki. Aka sake jin tim, sannan wani abu ya gangaro ya faɗo gaban murhu. Ba dutse ba ne. Curi ne na dusa da tunkuza, baƙi ƙirin, jiƙe sharkaf, yana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Babu wanda ya yi tambaya, domin kowa a gidan ya san daga ƙasan tafkin kifin maigidan ya fito.

Maigidan, Alhaji Babayo, shekara talatin ya yi a ofis yana sa hannu a takardun da bai karanta ba. Da ya yi ritaya a 2005 sai ya haƙa tafki a bayan gida, ya tafi Katagum ya sayo 'ya'yan karfasa wurin masunta a bakin kogi, aka ɗuro masa su cikin jarkoki da ruwansu. Tun daga ranar ya zama masanin kifi. Mutumin da bai taɓa jefa ƙugiya a ruwa ba, shi ne yake zama a majalisa yana koya wa mutane halin karfasa.

Gaskiyar magana, 'yarsa Juwairiyya ce ta iya aikin. Takan fito da hantsi in ruwa ya ɗan yi ɗumi, ta sake fitowa da la'asar, ta riƙa watsa abincin tafi ɗaya bayan ɗaya tana kallo. Da zarar kifin sun daina tasowa, sai ta rufe kwanonta. Ruwan yana nan kore shar, kifin suna girma. Wata rana uban ya tsaya ya ga yadda take yi, ya taɓe baki.

"Wannan ai rowa ce, kuma a wurin uwarki kika gado ta," in ji shi. "Kifin Alhaji Babayo ne za a riƙa yi wa awo kamar maganin asibiti? Ba ni kwanon."

Daga nan ciyarwa ta koma hannunsa. Sai dab da magariba, in ya taso daga majalisa, yake jawo abokai biyu ko uku su ga arziki, ya ɗaga bokiti guda ya juye a ruwa. Kifin su ɗan taɓa, sauran ya nutse. Hajiya Talatu ta ce masa, "Alhaji, magariba fa ba lokacin zube-zube ba ne." Ya ce camfin mata ne. Ruwan ya yi duhu, wari ya fara tsallaka katanga. Da sassafe kifin sukan taso sama suna buɗe baki suna neman iska, shi kuwa gogan ya ce yunwa suke ji, ya ƙara musu rabin bokiti.

Jifan ya ci gaba kwana bakwai, kullum da faɗuwar rana. Alhaji ya ce maƙwabta ne masu hassada, ya tsaya bakin katanga ya zage su tas. A rana ta bakwai Juwairiyya ta fito da buta za ta yi alwala, sai ta yanke jiki ta faɗi. Da aka ɗago ta, idanunta a buɗe suke ba sa ƙiftawa, bakinta yana buɗewa yana rufewa kamar na kifin nan. An kai ta asibiti, ba a ga komai ba. Kwana uku ko ruwa bai wuce maƙogwaronta ba, numfashinta kuma yana ƙara gajarta. Hajiya Talatu ta daina jiran iznin kowa, ta aika aka kira Malam Babakura, wani dattijo mutumin Barno da ya daɗe a garin.

Malam ya iso bayan sallar magariba. Tun daga zaure ya toshe hanci da gefen rawaninsa. Ya zauna kusa da kan yarinyar ya fara karatu a hankali. Can sai jikinta ya sandare, wata murya ta fito daga bakinta, muryar tsohuwa, mai kauri, kamar daga cikin rijiya.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni, kuma ba ni ce mai laifi ba."

"Wace ce ke? Daga ina kika fito?"

"Daga kogin Katagum. Ina hutawa a bakin ruwa aka ɗebe ni cikin jarka tare da 'ya'yan kifi. Ban yi fushi ba, domin wuri ne mai tsabta, yarinyar nan tana kula da shi. Sai wancan ya karɓi kwanon." Kan Juwairiyya ya juya a hankali wajen ƙofa. "Babayo, matso in gan ka."

Rabon da wani ya kira shi da sunansa tsura tun rasuwar mahaifiyarsa. Ya matso ya durƙusa.

"Na zauna da masunta, na zauna da kadoji, ban taɓa ganin wawa irinka ba," in ji muryar. "Kifi yana shaƙewa kana cewa yunwa yake ji. Na mayar maka da abincinka bisa kwanon ɗaki kwana bakwai ko za ka gane, ka tafi kana zagin maƙwabta."

"To me yarinya ta yi miki?" Malam ya tambaya. "Wannan zalunci ne, ki ji tsoron Allah."

"Ita kaɗai ce wuri mai tsabta da ya rage a gidan. Kuma na ga in ba a jikin 'yarsa ya ga yadda kifi ke neman iska ba, ba zai gani ba har abada."

Alhaji ya ce zai yanka mata rago, fari ko baƙi, wanda ta zaɓa. Muryar ta yi wata dariya mara daɗi.

"Kun ji shi ko? Har yanzu abinci yake son ƙarawa."

Malam ya ce ba yanka a wannan magana, ta faɗi abin da zai fitar da ita. Ta ce abu biyu ne. A ɗebi ruwan tafkin a jarka a kai shi kogin Katagum a juye, za ta bi shi, domin ko roƙonta aka yi ba za ta ƙara kwana a ƙazantar nan ba. Na biyu, Babayo ya shiga tafkin da kansa ya kwashe abin da ya zuba, ba lebura ba. Malam ya sa ta yi rantsuwa. Juwairiyya ta yi atishawa sau uku, jikinta ya saki, numfashinta ya daidaita, barci ya ɗauke ta.

Washegari da hantsi aka cika jarka da ruwan tafkin, sannan aka zuƙe sauran. Rabin kifin sun riga sun mutu. Alhaji Babayo ya tuɓe babbar riga ya shiga, baƙin taɓo har gwiwa, yana kwasa da bokitin nan nasa yana kakarin amai. Abokan majalisa da maƙwabtan da ya zaga suka jeru a kan katanga suna yi masa sannu da aiki, ba wanda ya ce a kawo ya taya shi. Da azahar ya ɗaura jarka a bayan babur ya kama hanyar Katagum.

Ya dawo dab da magariba ya tarar Juwairiyya ta farka tana neman abinci. Da rawar jiki ya karɓi kwanon kunu daga hannun Hajiya Talatu, ya durƙusa yana ba ta da ludayi. Ta sha uku, ta kau da kai. Ya sake cika ludayin ya kai bakinta.

"Baba," ta ce da 'yar siririyar murya, "ya isa haka."

Hannunsa ya tsaya a sama. Ya dubi kunun, ya dubi bakin 'yarsa, sannan ya mayar da ludayin cikin kwano ya rufe.