Kason Yaya

"Wata uku! Wata uku kana kallon idona kana ce mini komai lafiya!"

Maigidana bai ɗago ba. Yana tsugune bayan wani firji da aka kawo gyara, sukudireba a hannu, amma ba abin da yake kwancewa.

"Akantata, rage murya, akwai mutane a waje..."

"Yau babu Akanta! Amsa nake so."

Shi ya laƙaba mini sunan nan, ni da ko firamare ban ƙarasa ba, don ni ke riƙe kuɗin cefane. Shekara sha ɗaya da aure, 'ya'ya uku, bai taɓa ɓoye mini komai ba sai bana.

Bashi ne ya yi mana katutu. Na banki, na mai kayan gyara, hayar shago, ga na Yayana da ya ranta mana lokacin da aka yi wa Auta aiki a asibiti. Da takardu suka ishe mu na ja shi ofishin masu ba da shawara kan bashi. Wata mata mai gilashi ta ce hanya biyu ce. Ko kotu ta rubuta ya karye, a sayar da kayan aiki da motar ɗaukar kaya. Ko a yi yarjejeniya, a tsayar da kuɗin ruwa, duk wata mu kai abin da ya ragu bayan ci da haya, su raba wa masu binmu, kowa da kasonsa, har shekara biyar. Sharaɗi ɗaya ne, ba a biyan kowa ta bayan gida.

Ranar da aka tsayar da ruwan nan sai da na yi sujada, don zunubinsa ya fi bashin hana ni sukuni.

Yau da safe matar ta kira ni. Wai wata uku ke nan rabi yake kaiwa.

"Ina sauran yake tafiya? Faɗa mini, ko mene ne."

"Wurin Yaya..."

Sai na nemi bokiti na kife na zauna.

"Shi ya tambaye ka?"

"Da ma ya tambaya! Zuwa yake ya zauna nan inda kike, ya tambayi jikin Auta, ya yi addu'a ya tafi. Mutumin da ya ba ni ƙanwarsa, ya ceci 'yata, in sa shi layi ɗaya da banki? Ana tsakura masa kamar sadaka? Wallahi ban iya haɗa ido da shi."

"To shi ya san da sharaɗin?"

"Ce masa na yi kasuwa ta buɗe."

"Innalillahi! Kunyar suruki za ta raba mu da shago, Baban Auta! Matar ta ce kwana bakwai. In ba a cike giɓin ba yarjejeniya ta rushe, ruwa ya dawo, kotu ta shigo."

Ya rufe fuska da hannayensa masu baƙin mai. Na zo da niyyar faɗa har la'asar, sai ga ni ina goge masa hawaye da bakin mayafina.

"Ki yafe mini, abar ƙaunata. In kika ce za ki tafi gida da yara, ba zan ga laifinki ba."

"Rufe mini baki. In tafi in bar ka da wa? Kai da ko canji ba ka iya ƙirgawa?"

Ya yi 'yar dariya.

Ban koma gida ba. Na hau mota sai ma'ajiyar kayan da Yaya ke gadi. Na same shi a ɗan ɗakin bakin ƙofa, yana cin burodi gaya da ruwa. Da ya gan ni fuskarsa ta washe.

"'Yar Inna! Allah ya yi wa mijinki albarka. Kuɗin nan da yake kawowa nake tarawa, saura kaɗan a cire wa matata yanar idon nan. Jiya har ta ce za ta sake ganin fuskata, na ce ba abin kallo ba ce."

Na durƙusa a siminti. Na faɗa masa komai, ban rage ba. Ya ajiye burodin a kan cinyarsa.

"Yaya... don Allah, don darajar Inna da ke kabari... ka maido mana da kuɗin. Ka koma layi ka jira kasonka. Za ka iya?"