Sunaye A Cikin Durowa

Ranar da Zinariya ta fara shiga ɗakin aikin Dokta Maharazu, sai da ta kai tsakiyar ɗakin sannan ta yi sallama. Watan Maris ne na shekarar 2012, wata biyu bayan hare-haren da suka girgiza Kano. Sojoji sun kafa shinge a kan manyan hanyoyi, mai babur sai ya sauka ya tura abinsa kafin ya wuce.

"Kai ne mai manna wa mata wayoyi a ka?"

Maharazu ya ɗago daga kan kwamfuta. Doguwa ce, baƙa, da hijabi ruwan toka, fuskarta babu alamar wasa.

"Ni ne. Zauna, Malama."

"Ban zo zama ba."

Likitan ƙwaƙwalwa ne mai shekara talatin da ɗaya, yana bincike a kan farfaɗiya a wani ƙaramin asibiti kusa da Ƙofar Na'isa. Yana da na'ura guda: a manna wa mutum ƙananan wayoyi a fatar kai da wani farin gam, ita kuma ta zana motsin ƙwaƙwalwarsa. Abin da yake nema shi ne ko sanƙarau da zazzaɓi mai zafi na ƙuruciya suna barin tabo a ƙwaƙwalwa, tabon ya zama farfaɗiya bayan shekaru. Wata gidauniya ta ƙasar waje ce ke ɗaukar nauyin aikin, har da maganin duk wanda ya shiga.

"Ranar Alhamis Husaina ta zo nan," in ji Zinariya. "'Yar ƙanin babana ce. Da shuku ta fito daga gida. Kuka tsefe mata kai, kuka shafa mata gam, kuka sallame ta a haka. Matan gida suka gani. Ranar Asabar dangin wanda zai aure ta suka aiko a mayar musu da kayansu."

"Babu sunanta a takardunmu. Lamba muke sawa. Sunayen suna cikin waccan durowar, ni kaɗai ke da makulli."

"Takardarka ba ta je Yakasai ba, Likita. Kanta ne ya je."

Ya san yadda ake binciken aure a cikin birni: a tambayi asali, a tambayi hali, a tambayi ko akwai farfaɗiya a gidan. Bai taɓa haɗa wannan da kitso ba.

Washegari ta dawo da mataji da tsinke da kwalbar man kitso. Sana'arta ke nan a Yakasai.

"Ba don kai na zo ba," ta ce, ta wuce ɗakin mata.

Kafin ta tsefe wa mace kai, sai ta ƙirga layukan, ta lura da inda tsaga ta karkata. Idan an gama awo ta wanke gam ɗin, ta mayar da kitson yadda ya zo, har ta ɗan sassauta shi don kada ya yi kama da sabo. Mata tara ne a rajistar kafin zuwanta. Cikin wata uku suka haura saba'in.

Ba su daina faɗa ba. Ta ce yana yi wa tsofaffi magana kamar mai karanta labarai. Ya ce tana mulkin asibitin kamar gadonta ne. Ya sa mata suna 'Yar adawa, ita kuma Mai wayoyi take ce masa, ko a gaban Asibi, nas ɗin da ke taimaka masa.

Wata Talata a watan Yuni, bayan mace ta ƙarshe ta tafi, Zinariya ta zauna a kan kujerar awo.

"Lamba nawa aka kai?"

"Ɗari da arba'in."

"To rubuta ɗari da arba'in da ɗaya."

Ta faɗa masa a taƙaice, idonta a kan bango. Ta yi sanƙarau tana shekara shida. Faɗuwar farko tana sha huɗu. Iyayenta ne kaɗai suka sani. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya kira wata likita abokiyar aikinsa ya ce ita za ta riƙa duba ta.

"Ƙyamata kake yi?" Zinariya ta tambaye shi a bakin ƙofa.

"A'a. Likita ba ya zuwa zance wurin wadda yake dubawa."

Ta kalle shi. "Wa ya ce za a ba ka tabarma?"

An ba shi. Dokar hana fita ta mai da zancen nasu na bayan la'asar, a soron gidan mahaifinta, Malam Ashafa. Sauran maganar a waya take ƙarewa.

"'Yar adawa, kin ci abinci?"

"Na ci. Ka daina kirana haka. Kuma rigar da ka sa yau ba ta ga guga ba."

"Ashe kina kallona."

"Rigar nake kallo. Ka isa gida lafiya? An ce sun rufe hanyarku ta Kabara."

A watan Agusta gidauniyar ta aiko da takarda mai sakin layi biyu. Saboda yanayin tsaro ma'aikatanta ba za su iya zuwa Kano duba aiki ba, don haka za a rufe tallafin a ƙarshen Disamba a mayar da shi wata ƙasa. A lokacin mutum ɗari biyu da goma sha biyu ne ke karɓar magani.

Ƙofa ɗaya ta rage: wani kwamiti na 'yan siyasa da 'yan kasuwa mai tallafa wa ayyukan lafiya. Shugabansa, Alhaji Gambo, yana shirin tsayawa takara. Sakatarensa Ɗanjuma ne, wanda ya shekara yana neman Zinariya tana ce masa ya yi haƙuri.

Alhaji Gambo bai buɗe rahoton ba.

"Likita, ƙwaƙwalwa ba a ganinta. Rijiya ana gani, ana ɗaukar ta hoto. Kai me zan nuna wa jama'a? Zane-zane?"

"Mutum ɗari biyu da ba sa faɗuwa, ranka ya daɗe."

"To kawo su. Suna, unguwa, lambar gida. Mu yi taro, 'yan talabijin su zo, kowa ya karɓi maganinsa daga hannuna. Shekara uku zan ɗauke maka."

"Na yi musu alkawarin ba mai jin sunansu."

Ɗanjuma ya yi murmushi. "Alkawari ba ya sayen magani, Dokta. Kana da mako biyu."

Da ya faɗa wa Zinariya, ba ta ɗaga murya ba.

"Ranar da ka buɗe durowar nan, kada ka sake bin layinmu."

"Idan ban buɗe ba maganinsu zai yanke."

"Na sani. Nawa ma a ciki yake."

Bayan mako biyu Ɗanjuma ya zo gaishe da Malam Ashafa. A cikin hira ya ce Likita ya kawo musu ambulan mai kauri, ya ƙara da cewa talauci ba ya barin mutum da kunya. Zinariya tana bayan labule. Kafin magariba ta aika wa Maharazu saƙo.

"Ka sayar da mu. Allah ya isa tsakanina da kai. Kada ka kira ni."

Amsarsa layi ɗaya ce: "Ki zo ki ga abin da na kai musu."

Ba ta je ba. Ta daina zuwa asibitin, ta daina ɗaukar wayarsa. Kullum tana jiran ranar da za a karanta sunanta a rediyo. Kwana goma sha tara ba a karanta ba. A na ashirin ta ji sanarwar cewa kwamitin zai buɗe rijiyoyin burtsatse shida.

Ranar ta koma asibitin, ta sami Asibi tana naɗe wayoyin na'urar cikin kwali.

"Lambobi ya kai musu," in ji Asibi. "Lamba da shekaru da sakamako. Ya kira marasa lafiyar ɗaya bayan ɗaya ya tambaye su. Goma sha ɗaya suka yarda a nuna su, duk dattawa maza. Alhaji ya ce ba za su ba da tausayi a talabijin ba, 'yan mata yake so. Shi ke nan aka tashi. Ke kuma da gaggawar Allah ya isa."

Maharazu yana ofis yana rubuta wa kowa sunan magani mafi araha da za a samu a kemis. Ya rame.

"Na janye," in ji Zinariya daga bakin ƙofa.

"Me kika janye?"

"Ka san abin da na janye. Kada ka sa in maimaita."

"Wasu za su daina shan magani, Zinariya. Wasu za su faɗi a wuta. Ban san ko daidai na yi ba."

"Ni ma ban sani ba." Ta jawo kujera. "Miƙo rabin takardun."

An rufe binciken a ƙarshen Disamba. A watan Janairu ya shaida wa mahaifiyarsa, Hajiya 'Yardada, cewa yana so a je masa tambaya Yakasai. Mahaifinsa ya rasu, kuma kawunansa ba sa taka ƙafa sai da yardarta. Magana ta riga shi zuwa Kabara: wani daga kwamitin ya sa an raɗa mata cewa mai kitson nan ba banza take zama a asibitin farfaɗiya ba.

"Tana da shi ko ba ta da shi?" ta tambaye shi.

"Hajiya, ba na faɗin wanda ke cikin rajista, ba na faɗin wanda ba ya ciki."

"Ni na haife ka."

"Ko ke ce a ciki ba zan faɗa wa kowa ba."

"To ka auri rajistar."

Wata guda ba ta amsa gaisuwarsa da fiye da kalma ɗaya ba. Zinariya ta gane daga shirunsa, ta matsa masa har ya faɗa. Ranar Laraba da hantsi ta sa hijabinta ta tafi Kabara da ƙafa, don an hana acaɓa a gari.

Ta tarar da Hajiya 'Yardada a tsakar gida, da kwanon ɗanwake a gabanta. Ta durƙusa ta gaishe ta. Hajiya ta amsa ba ta kalle ta ba.

"Ni ce Zinariya. Abin da kika tambaya, ina da shi."

Hajiya ta ajiye cokali. "Shi ya aiko ki?"

"Bai san na zo ba."

"Ya hana uwarsa, ke kin kawo da ƙafarki."

"Ba nasa ba ne da zai bayar, Hajiya. Nawa ne."

"A gidanku aka gada?"

"A'a. Sanƙarau na yi ina ƙarama, ya bar mini tabo."

"Yaushe rabonki da faɗuwa?"

"Wata goma sha huɗu. Ina shan magani safe da yamma."

"Idan kina goye da jikana kika faɗi a bakin murhu fa?"

"Ba zan yi girki da goyo ba. Ba zan yi wa jariri wanka ni kaɗai ba. Ba zan ce miki ba zan sake faɗuwa ba, don ban sani ba."

A gidaje da yawa na cikin birni, mai farfaɗiya kwanonsa daban ne, kofinsa daban, saboda an yi imani ana ɗauka ta yawu. Maharazu ya sha faɗa wa Hajiya ba haka ba ne. Ba ta taɓa ce masa ta yarda ba.

"Kina da baki," ta ce.

"Haka shi ma yake cewa."

Hajiya ta ture cokalin gefe, ta tura kwanon tsakaninsu.

"Wanke hannu. Ba na son ci ni kaɗai."

Suka ci tare. Da suka gama Hajiya ta ce, "Ki ce wa Malam Ashafa kawunan yaron nan suna tafe ranar Asabar. Kada ki ɗauka na so ki. Ƙarya ce ba na so."

An ɗaura auren ranar Juma'a ta biyu a watan Afrilu, a wani masallaci a Yakasai, bayan an laluba aljihun kowa a bakin ƙofa. Ɗanjuma bai zo ba. Ba a yi kiɗa ba, gari bai koma daidai ba tukuna, kuma an kai amarya tun da sauran rana.

Dattijan mata suka yi ta sa albarka: Allah ya ba da zaman lafiya, ya kawo zuri'a ɗayyiba, ya kau da fitina daga gidan da garin baki ɗaya. Ana ta amsawa da amin. Hajiya 'Yardada ce ta ƙarshe. Ta dafa kan amarya ta cikin mayafi.

"Allah ya yi muku albarka, ya rufa muku asiri duniya da lahira."

Sannan ta duba agogon bango, ta juya ga matan da suka cika ɗakin.

"Ku ba ni wuri da kofin ruwa. Ƙarfe shida ta yi, 'yata za ta sha magani."