An Rufe Ƙorafinka

Dab da magariba tsohon malamin ya dawo daga ofishin kamfanin intanet, zuwansa na huɗu ke nan. 'Yarsa da ke aure nesa ce ta sa aka haɗa masa na'urar intanet, don ya riƙa ganin jikokinsa a waya. Yau kwana goma sha ɗaya jar fitila kawai take nunawa. Kullum amsar ma'aikatan kamfanin ɗaya ce: "Baba, ka kashe ka kunna. Daga wajenmu lafiya lau take."

Yana buɗe falo wani ƙauri ya tare shi, kamar an babbaka gashi. An ɗauke wuta a unguwar, amma jar fitilar tana nan kan kabad, tana ƙyaftawa.

Ya zare filogin daga bango. Ba ta mutu ba.

Ya kira lambar ƙorafi. Kiɗan jira ya daɗe kafin wata ma'aikaciya ta ɗauka.

"'Yata, ki taimake ni. Na cire ta daga wuta, amma tana ci."

Ya ji tana danne-danne. "Baba, ai an rufe ƙorafinka. Ɗazu Mama ta kira daga gidan, ta ce kada a turo kowa."

"Wace Mama?"

"Matarka. Ta faɗi sunanka da lambarka daidai."

"Shekara uku ke nan da rasuwarta," ya ce a hankali.

Sai ta yi ƙasa da murya. "Baba, ina ganin mutum bakwai a kan layinka. Yanzu haka. Bari in haɗa ka da sashen gyara."

"Don Allah kada ki bar ni..."

Kiɗan jira ya dawo. Ya sauke wayar daga kunne. Kiɗan bai ragu ba. Daga uwarɗaka yake fitowa, kuma ba na'ura ba ce. Bakuna ne ke rera shi, ƙasa-ƙasa.

Labulen ƙofar ya motsa. A ƙarƙashinsa ƙafafu ne jere, ba su taɓa ƙasa ba.

Fitilar ta koma koriya.

Ya nemi addu'a, harshe ya ƙi juyawa.

Numfashi mai sanyi ya sauka a ƙeyarsa.

Wata murya ta raɗa masa: "Malam, bar mana na'urar."

Bai san yadda ya kai titi ba. Maƙwabcinsa mai kanti ne ya tsince shi a bakin kwata, takalmi ƙafa ɗaya, bakinsa na motsi ba magana.

Yanzu a gidan ƙanensa yake zaune. Sau biyu ya roƙi kamfanin su zo su kwashe kayansu. Mai gyaran da suka turo ya tsaya a ƙofar gidan, ya kasa kunne, ya juya babur ɗinsa ya tafi.

Washegari saƙo ya shigo wayar tsohon: "An warware matsalarka. Mutanen gidan sun tabbatar mana komai na aiki."