Yadda Mai Ƙishirwa Ke Mutuwa

A shekarar farin tamanin da huɗu, ni Hayatu ne mai kula da tele, wato talabijin ɗin ƙauyenmu, kusa da Cadakori. An kafa mana ita a ƙofar lakol, makarantar boko, kuma da yake na taɓa yin aji uku, ni ke juya wa mutane Faransanci, rabi gaskiya rabi cika baki. Duk Laraba akan nuna wasan wasu Turawa masu yawo cikin taurari a jirgi. Ciki ba tuwo, amma ba mai fashin kallo.

Wata Alhamis muka kai batirin tele gyara Gidan Rumji, ni da abokina Barmo. Barmo gwanin kwaikwayo ne, kuma bakinsa bai san hutu ba. Mun kamo hanyar gida a amalanken jaki rana ta yi ja, da salkar ruwa rataye a kafaɗata, saura kamar rabi.

Tun daga bakin kasuwa yake kushe wasan jiya.

"Duniyar nan da sunka sauka kwali ce," in ji shi. "Ba ka ga dutsi ya motsa ba da babbansu ya jingina? Kuma kowa inuwa biyu gare shi."

"Rana biyu gare su can," na ce.

"Hitila biyu dai! To wanda ya ɓace cikin rairayi hwa? Wai kwana huɗu bai sha ruwa ba, ga wuya kamar na ragon layya, yana ta kururuwa. Mai ƙishi ba ya kururuwa, Hayatu. Bari in gwada maka."

Ya diro daga amalanken. Sai a lokacin na lura da inda muke, gabana ya faɗi. Tsohuwar rijiyar makiyaya ce, wadda ta ƙafe tun bara. Ƙasusuwan shanu ko'ina. Nan aka tsinci gawar wani makiyayi mai suna Hambali, sati uku da suka wuce. Ko yaro ya san ba a kwaikwayon mamaci, balle a inda ya faɗi, balle da almuru.

"Barmo, hawo mu tahi."

Ina! Ya riga ya durƙusa.

Wallahi ya iya. Ya saki wuya gefe guda. Ya turo harshe kaɗan tsakanin haƙora. Yatsunsa suna tonon rairayi a hankali, kamar mai neman allura. Bai yi ƙara ba ko kaɗan, sai raɗa, yana kiran shanu ɗaya bayan ɗaya. Na ji tsoro, don ba a koyon wannan a tele.

Jakin ya tsaya cak, ya miƙe kunnuwa.

Iska ta ɗauke. Wani wari ya taso, na busasshiyar fata da tsamin tsohuwar ƙwaryar nono. Amalanken ya yi ƙara, ya nutsa ta baya, kamar wani ya zauna kusa da batirin.

"Ka iya," aka ce a bayana. Murya ce busasshiya, Hausarta irin ta makiyaya. "Ka hi Baturen. Duk Laraba ina tsaye bayanku, ina kallo."

Ban waiwaya ba. Barmo ne ya ɗago kai, ya dubi abin da ke bayana.

"Amma ka ɓata wuri guda," in ji muryar. "Ba shanu na kira ba. Sunanka na kira, Barmo. Kana tsaye can gindin aduwa, da salka a kahwaɗa, kana kallona har na gama."

"Ta ɗiyana ce," in ji Barmo da raɗa. "Ruwan ɗiyana ne, Hambali."

"Sake. Daga hwarko."

Barmo ya kife a ƙasa kamar an danne shi. Wuyansa ya karkace. Wannan karon ba shi ke yi ba.

Na ji leɓunansa suna tsagewa.

"Sake."

Idanunsa suka faɗa ciki. Kumatunsa suka lotsa ina kallo. Yatsun suna ta tono, faratan suna karyewa.

Sai numfashi ya taɓa ƙeyata, mai zafi, ba danshi a ciki ko kaɗan.

"Kai mai juya magana. Mi yake cewa?"

Na kasa kunne, ba don ina so ba.

"Hayatu," Barmo ke cewa. "Hayatu."

Tsakanina da shi taku biyar ne.

Na diro na ruga. Na bar jaki, na bar batir, na bar takalmi ɗaya. Ƙarangiya ta cika mini ƙafa ban ji ba. Ba abin da ya biyo ni. Ina gudu ina jin sunana a baya, yana ƙanƙancewa, har ya ɓace.

Sai da na zube a ƙofar masallacinmu, ana sallame magariba, na ji wani abu mai sanyi yana bugun haƙarƙarina. Salkar ce. Tana kafaɗata, da ruwanta.

Maza suka ɗauki fitilu suka koma. Sun tarar da jakin yana tsaye inda na bar shi, Barmo kuwa ya bushe kamar wanda ya kwana bakwai a rana. Mutum ɗaya ne ya ɗauko shi. Aka ce zafi ne, shekarar ta saba da irin haka, ba wanda ya tsananta bincike.

Na mayar da makullin tele, ban ƙara zama gabanta ba.

Ranar sadakar uku, Batulu matar Barmo ta aiko a kira ni. Tana bayan zana, ni ina waje.

"Malam Hayatu, kai kaɗai ke tare da shi. Ya ce wani abu? Ya roƙi wani abu?"

Na ce mata a'a, bai ce komai ba.

Ta yi mini godiya, ta sa aka kawo mini ruwa.